Agogonka ya ce ka ƙone kalori 450: shin ka rama su da abinci?

Duk wanda ya taɓa sauke manhajar lissafin abinci irin MyFitnessPal ya san jerin lambobin da ke saman shafin farko: abin da aka yanka maka ka ci a yini, a ɗebe abin da ka riga ka ci, a ƙara motsa jiki, sannan a nuna maka saura. Da la'asar saura kalori 300. Ka ɗaura agogon zamani, ka taka daga bakin gadar Wudil ka bi titi ka dawo, awa guda cur. Kafin ka cire takalmi agogon ya aika wa wayar rahoto, saura ya koma 750. A fakaice manhajar ta ba ka izinin zama a teburin mai shayi ka ce a soya Indomie da ƙwai.

Wannan tambaya na yawan tasowa tsakanin ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil, da matasan gari masu son rage tumbi, tun da agogunan Oraimo da Xiaomi da Huawei suka wadata a shagunan waya. Shin waccan 450 haƙƙinka ce, ka ci abinka? Ko kuwa cin ta ne ya sa wata uku kana tufka da warwara, sikeli ya ƙi motsi?

Amsar a taƙaice: idan motsa jikinka tafiya ce ko sassarfa ta ƙasa da awa ɗaya, kada ka rama. Idan ya yi tsanani kuma ya yi tsawo, rama kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Idan kuwa aikin ƙarfi ne sana'arka ko kana cikin horo, dole ka ci. Ga dalilan, da yadda za ka gwada abin a jikinka da wayar da ke hannunka.

Ina kalori take tafiya?

Kalori ma'auni ne na makamashi, kamar yadda mAh yake ga batirin waya. Abin da ake rubutawa kcal a jikin kwalin biskit ko robar lemo shi ne manhajoji ke kira kalori. Idan ka ga kJ, raba lambar da 4.2 ka samu kcal.

Jiki na kashe makamashi ta hanya huɗu. Mafi girma, kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin 100, yana tafiya ne wajen raya ka kawai: bugun zuciya, numfashi, aikin ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, ko da kana kwance tun safe. Kusan kashi 10 yana tafiya wajen narkar da abinci. Sai zirga-zirgar yau da kullum, kamar zuwa masallaci, ɗibar ruwa, shara, tafiya aji. Na ƙarshe shi ne motsa jikin da ka ware wa lokaci, wanda ga yawancin mutane shi ne mafi ƙanƙanta. Kamar waya ce: wasan da ka buga na minti talatin ya ci caji, amma hasken fuska da sabis da manhajojin da ke aiki a ɓoye su ne suka shanye mafi yawa.

Yadda agogo ke samo lambarsa

Hanyar da ake auna kalori a ɗakin gwaji ita ce a rufe wa mutum hanci da baki da na'ura, a auna iskar oksijin da ya shaƙa da wadda ya fitar. Agogo ba ya yin haka. Abin da yake da shi uku ne. Akwai na'urar jin motsi, wadda ke gane lilon hannu ta ƙirga taku. Akwai koriyar fitilar nan da ke bayansa, wadda ke haska fata ta duba yadda jini ke ƙaruwa da raguwa, daga nan ta ƙiyasta bugun zuciya. Sai bayanan da ka shigar da kanka: shekaru, jinsi, tsawo da nauyi.

Waɗannan ukun ake zubawa cikin wata ƙa'idar lissafi da kamfanin ya rubuta, wadda galibi ba a bayyana ta. Duk mai rubuta manhaja ya san cewa ƙa'ida ba ta wuce bayanan da aka ba ta. Agogo bai san yawan tsokarka ba, bai san ko ka saba da gudu ba, bai san ko ka kwana da zazzaɓi ba.

A yanayi irin namu akwai ƙarin abubuwa da ke rikita shi. Na farko zafi. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40, zuciya na ƙara sauri domin tura jini zuwa fata ya huce. Agogo ya ga bugu ya hau, sai ya ɗauka aiki ne ya ƙaru, alhali tafiyar ita ce dai ta jiya. Haka ma idan jiki ya rasa ruwa, ko ka sha shayi mai kauri, ko gabanka ya faɗi. Na biyu girgiza. Hau babur a hanya mai gargada, ko ka shiga motar haya daga Wudil zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 40, ka duba takunka kafin da bayan sauka. Agoguna da yawa za su ba ka ladan tafiyar da ba ka yi ba. Wanki da daka da tuƙin tuwo ma suna shiga a matsayin taku. A ɗaya ɓangaren, idan kana tura baro ko tuƙa keke, hannu a kafe yake, sai agogon ya rage maka.

Na uku launin fata. Baƙar fata na shanye koren haske fiye da fara. Binciken Jami'ar Stanford da za mu zo kansa ya ga kuskure ya fi yawa ga masu duhun fata, amma wani binciken na Jami'ar Duke a 2020 bai ga bambanci mai yawa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka gwada naka: zauna shiru, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ƙirga bugu na daƙiƙa 30, ninka biyu, ka kwatanta da abin da agogo ya nuna. Maimaita bayan ka yi sassarfa. Idan lambar agogon ba ta ko motsa ba, ka san ado ka saya.

Abin da gwaji ya nuna

A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Euan Ashley, sun gwada na'urori bakwai a jikin mutum 60: Apple Watch, Basis Peak, Fitbit Surge, Microsoft Band, Mio Alpha 2, PulseOn da Samsung Gear S2. An sa mutanen zama, tafiya, gudu da tuƙa keke, ana kwatanta lambar agogo da na'urorin asibiti. Wajen bugun zuciya, shida daga cikin bakwai sun yi kuskuren da bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wajen kalori kuwa, wanda ya fi kowa dacewa ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshe ya kauce da kashi 93. Babu ko ɗaya da masu binciken suka yarda da lambarsa ta kalori.

Waɗancan agoguna sun tsufa, an fitar da sababbi, amma tushen matsalar bai sauya ba: har yanzu daga motsin hannu da bugun zuciya ake cinta. Kuma lura, manyan kamfanoni ne masu ɗakunan gwaji. Agogon da babu sunan kamfani a jikinsa, wanda ake zubawa a faifai a kasuwa, ba a ma maganarsa. Kuskuren na iya yin sama, yana iya yin ƙasa, kuma daga fuskar agogo ba za ka gane wanne ne ba.

Wani gwajin ya fi wannan ban mamaki. A 2016 mujallar likitoci ta JAMA ta buga sakamakon aikin da John Jakicic ya jagoranta a Jami'ar Pittsburgh, a kan matasa 471 masu shekara 18 zuwa 35 da ke son rage nauyi. Duka an ba su tsarin abinci da shawara. Bayan wata shida aka ba wa rabinsu na'urar da ake ɗaurawa a dantse tana lissafa motsi. Da aka cika shekara biyu, masu na'ura sun rage kilo 3.5, marasa na'ura sun rage kilo 5.9. Binciken bai tabbatar da dalili ba, amma ya nuna cewa mallakar na'ura kaɗai ba ya sauke tumbi.

Mu kanmu ba mu fi agogon iya ƙiyasi ba. Wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Ottawa ta Kanada a 2010 ya sa mutane tafiya a kan injin gudu, aka tambaye su nawa suka ƙone. Sun ninka gaskiyar sau uku zuwa huɗu. Da aka ce su ci daidai abin da suka ƙone, sun ci ninki biyu zuwa uku.

Jiki ma yana da nasa lissafin

Ko da agogo ya faɗi gaskiya, ba a gama ba. Manhaja na ɗauka cewa idan ka ƙone 300 a fili, jimillar yininka ta ƙaru da 300. Jiki ba ya tafiya a kan wannan tsari.

A 2012 Herman Pontzer da abokan aikinsa sun auna makamashin da mutanen Hadza na ƙasar Tanzaniya ke kashewa. Mafarauta ne da ke yini suna tafiya a daji. Da aka daidaita da girman jiki, jimillar abin da suke ƙonewa a yini ba ta bambanta sosai da ta mazauna biranen Amurka da Turai ba. Kafin nan, a 2008, ayarin Amy Luke na Jami'ar Loyola ya kwatanta matan karkara 149 a kudu maso yammacin Najeriya da baƙaƙen mata 172 a yankin Chicago. Matan Chicago sun fi nauyi nesa ba kusa ba, amma bayan daidaita girman jiki, makamashin da ɓangarorin biyu ke kashewa wajen motsi bai bambanta ba. Wannan ya sa masu binciken suka karkata ga abinci a matsayin babban dalilin bambancin nauyin.

A 2021 wani nazari da ya fito a mujallar Current Biology, a kan manya 1,754, ya sa wa abin lamba. A matsakaici, cikin kowace kalori 100 da aka ƙone ta motsi, jiki na tsuke 28 daga wasu ayyukansa na ciki, 72 ne kaɗai ke ƙaruwa a jimilla. Ga masu ƙiba sosai, abin da jiki ke tsukewa ya kusa rabi. Masana na ci gaba da muhawara a kan girman wannan tsukewa da yadda take faruwa, kuma lambar matsakaici ce, ba ta kowane mutum ba. Amma akwai ɓangaren da kowa zai iya gani da idonsa: ranar da ka buga ƙwallo da safe, da rana kwanciya kake yi, aiken da ka saba zuwa da ƙafa sai ka tari babur. Abin da ka samu a fili ka mayar da wani ɓangarensa a kan katifa.

Mu buga lissafi

Ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 25, nauyi kilo 85, tsawo santimita 172. Yawancin manhajoji na amfani da ƙa'idar Mifflin-St Jeor ta 1990: nauyi sau 10, a tara da tsawo sau 6.25, a ɗebe shekaru sau 5, sannan a ƙara 5 ga namiji ko a ɗebe 161 ga mace. Nasa ya kama 850 da 1,075, a ɗebe 125, a ƙara 5, wato 1,805. Wannan shi ne na raya jiki kawai. Idan ya shaida wa manhaja cewa yawancin yini a zaune yake, za a ninka da 1.2, ya zama kusan 2,170. A rage 500 domin sauke nauyi, an yanka masa 1,670 a yini.

Yanzu tafiyar awa guda. Masana motsa jiki na da ma'auni mai suna MET, inda zama shiru yake 1, wato kimanin kalori ɗaya ga kowane kilo a awa. Tafiya mai ɗan sauri kusan 3.5 ce. Saboda haka 3.5 sau 85 ya ba da kusan 300. Amma da ya zauna a gida ma zai ƙone kusan 85 a wannan awar, kuma an riga an sa ta cikin 2,170. Ƙarin gaskiya 215 ne. Idan aka cire kashi 28 na tsukewar jiki, saura kusan 150.

A ce agogonsa ya nuna 450, shi kuma ya rama duka. Ya ƙara ƙona 150, ya ƙara cin 450. Giɓin 500 da ya tsara ya koma 200. Kilo ɗaya na kitsen jiki na ɗauke da kimanin kalori 7,700. Da giɓin 500 zai sauke kilo ɗaya a sati biyu da 'yan kwanaki. Da giɓin 200 sai ya haura sati biyar.

Akwai wanda ya fi wannan muni, wato ƙirga abu ɗaya sau biyu. Lokacin rajista manhaja ta tambaye shi yawan motsinsa, ya tuna yana tafiya kullum, sai ya zaɓi mataki na biyu. An ninka 1,805 da 1.375, ya zama 2,480, aka yanka masa 1,980. Tafiyar ta riga ta shiga lissafi ke nan. Sannan ya haɗa agogo da manhajar, aka sake ƙara masa 450. Yana cin 2,430, jikinsa na ƙona kusan 2,320. A fuskar waya komai kore ne, shi kuwa nauyi yake ƙarawa sannu a hankali. Wannan ba laifin jikinsa ba ne, saiti ne.

Ɓangaren kwano

Kalori 150 zuwa 215 ɗin da awa guda ta tafiya ta samar, me suke saya? Robar lemon kwalba mai sukari ta 50cl na ɗauke da kusan 210. Babban cokali ɗaya na man gyada ko manja kusan 120 ne, domin kowane giram na mai kalori 9 ne, na sukari da sitaci 4. Ƙaramin cokalin sukari kusan 16 ne, ka ƙirga nawa mai shayi ke zubawa kafin a zo kan madara. Ƙaramar ledar Indomie ta haura 300 tun ba a sa mata mai da ƙwai ba. Giram 100 na gyaɗa ya haura 550. Abin da aka ƙone a awa guda ana iya shanye shi a minti biyu a tsaye.

Sannan lissafa abincinmu a manhaja aiki ne. Ka nemi ɗanwake ko gurasa ko fura da nono, ko dai babu, ko ka tarar da lambobi daban-daban da wasu masu amfani da manhajar suka shigar da ka. Malmalar tuwon wani gida ta ninka ta wani. Awara da ƙosai da wainar fulawa da soyayyen kifin bakin kogi, yawan man da suka sha ya danganta da mai suyar. Garau-garau ba shinkafar da waken ne ke ɓoye kalori ba, man da aka kwarara ne. Idan kuma a faranti ɗaya kuke ci da 'yan'uwa, wa zai auna lomarka? Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, kuma ana samun sa kyauta a intanet. Ya fi lambobin da ba a san wanda ya shigar ba, amma shi ma bai san girman ludayin gidanku ba.

Kuskuren nan kusan kullum gefe ɗaya yake karkata. Wani bincike da ya fito a New England Journal of Medicine a 1992 ya bi wasu masu ƙiba da ke cewa suna cin kaɗan amma ba sa raguwa. Da aka auna, sun rage abin da suke ci da kashi 47 cikin 100 a rahotonsu, sun ƙara motsin da suke yi da kashi 51. Ba ƙarya suka shirya ba, mantuwa ce da ƙiyasin ido. To, idan lissafin abinci na yin ƙasa, na agogo kuma ba shi da tabbas, barin kalorin motsa jiki ba a taɓa ba shi ne ke toshe ɓarakar.

To, wa zai rama, wa zai bari?

Rukuni na farko: ɗalibi, mai shago, ma'aikacin ofis, mai zama gaban kwamfuta, matar da ke motsa jiki a tsakar gida da bidiyon YouTube. Motsinsu tafiya ce ko tsalle-tsalle na minti 30 zuwa 60. Kada su rama. Idan yunwa ta taso, a sha ruwa tukuna, sannan a matso da lokacin cin abinci kusa da bayan motsa jikin, ba a ƙara wani sabon ci ba.

Rukuni na biyu: mai buga ƙwallo sosai na awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, mai gudun kilomita takwas ko goma, mai doguwar tafiya a keke. Ƙwallon unguwa kusan MET 7 ce, wato ga mai kilo 85 kusan 600 a awa, ƙarin gaskiya kusan 500, idan dai ba tsayuwa ya yi a baya yana jiran ƙwallo ba. Wannan ya rama kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin abin da agogo ya nuna, da sharaɗin ya saita manhajarsa a matakin zama. Kuma da abinci na gaske: dafaffen ƙwai, wake, alale, kifi, nono marar sukari, ayaba, dabino biyu ko uku. Ba lemo da fanke ba.

Rukuni na uku: masu haƙar yashi a kogin Wudil, masu lodi da korar shanu a kasuwar kara ranar Juma'a, manoma a damina, leburorin gini, da masu horo irin na Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil ko masu shirin shiga aikin ɗamara. Waɗannan motsi ne rayuwarsu. Su zaɓi mataki na sama a manhaja, su kashe ƙarin kalorin agogo, su ci gwargwadon aikinsu. Giɓi mai zurfi a kan aiki mai nauyi yana cin tsoka, yana kawo rauni. Kwamitin Olamfik na Duniya ya yi gargaɗi a kan wannan matsala ta ƙarancin makamashi ga 'yan wasa tun 2014.

Ko a wane rukuni kake, ga alamun cewa ka matse da yawa: jiri idan ka miƙe, rashin barci, saurin fushi, kasa yin abin da ka saba yi a fili, zubar gashi, raguwar fiye da kilo ɗaya a sati a jere, ga mata kuma rikicewa ko ɗaukewar al'ada. Idan ka ga haka, ƙara abinci, ko me manhaja ta ce. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan magani, mai juna biyu, mai shayarwa, mai sikila, da wanda bai kai shekara 18 ba, kada su tsara wa kansu giɓi da waya. Su fara ganin likita, a Babban Asibitin Wudil ko inda suka saba zuwa. Wanda kuma ya ga lissafin kalori ya zame masa damuwa, har yana tsoron abinci ko yana azabtar da kansa da gudu saboda ya ci tuwo, ya goge manhajar ya nemi taimako.

A watan azumi, mafi sauƙi shi ne motsa jiki bayan buɗa-baki ko bayan tarawihi, ba da tsakar rana ba. Kuma babu buƙatar rama komai, domin teburin shan ruwa da kunu da ƙosai da soye-soye ya riga ya rama.

Gwajin sati huɗu

Akwai na'urar da ta fi agogo faɗin gaskiya, kuma ta fi shi araha: sikelin tsayawa. Sai dai lambar rana ɗaya ba ta da amfani, domin gishiri da ruwa da abin da ke ciki na iya motsa ta da kilo ɗaya ko fiye. Matsakaici ake bi.

Buɗe Google Sheets a wayarka. Yi layi uku: kwanan wata, nauyi, abin da ka ci. Hau sikeli kowace safiya bayan ka zaga, kafin ka ci komai, da kaya iri ɗaya. A ƙarshen kowane sati yi amfani da AVERAGE ka fitar da matsakaicin kwana bakwai. Bayan sati huɗu, ɗebe matsakaicin sati na huɗu daga na farko. Tazarar da ke tsakaninsu kwana 21 ce.

A ce ka ragu da kilo 1.2, kuma matsakaicin cinka 1,900 ne. Ninka 1.2 da 7,700, ya ba da 9,240. Raba da 21, ya ba da 440. Tara da 1,900: jikinka na ƙona kusan 2,340 a yini. Kwatanta da jimillar da agogo ke nunawa. Idan yana cewa 2,900, ka gane nawa yake ƙara maka. Daɗin wannan hanya shi ne ko lissafin abincinka na da kuskure, muddin kuskuren iri ɗaya ne kullum, sakamakon zai yi maka jagora.

Daga nan hukunci mai sauƙi ne. Raguwar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati, ci gaba a haka. Babu motsi, daina ramawa ko ka rage 150 zuwa 200. Raguwa ta yi sauri kuma ga gajiya, ƙara 200. Ka sani cewa satin farko yawanci ruwa ne ke fita, kuma tafiyar na rage sauri yayin da jiki ke ƙanƙancewa, don haka a sake lissafi bayan kowane kilo huɗu ko biyar. Haɗa da tef ɗin tela: a auna ƙugu daidai tsakanin haƙarƙari na ƙasa da ƙashin kwankwaso, ana so kada ya kai rabin tsawonka. Mai santimita 172, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 86.

Saitin da za ka duba yau

Sabunta nauyinka a manhajar agogo da ta abinci, domin da yawa na nan da lambar da suka sa ranar da suka sayi agogon. Zaɓi hanya ɗaya: ko matakin zama tare da rama wani ɓangare, ko mataki na sama ba tare da ƙarin agogo ba. Duba ko lambar da kake gani ta motsi ce kaɗai ko jimilla ce, domin agoguna irin Apple Watch na nuna Active da Total daban. Idan kana da Android, shiga Health Connect ka ga manhajojin da ke rubuta taku da motsa jiki, kada waya da agogo da wata manhaja ta uku su aika rahoton tafiya ɗaya. Idan manhajar abincinka ba ta ba ka damar kashe ƙarin kalori kyauta ba, cire haɗin da ke tsakaninta da agogon. Ɗaura agogon ya kama fata, kaɗan sama da ƙashin wuyan hannu.

Kada a jefar da agogon

Duk wannan ba ya nufin motsa jiki ɓata lokaci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a sati, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Yana rage haɗarin hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya, yana gyara barci, yana kare tsoka lokacin da ake rage abinci, kuma yana cikin abubuwan da ke taimaka wa wanda ya sauke nauyi kada ya dawo. Ana samun wannan ko sikeli bai motsa ba.

Agogo na da kyau wajen abin da yake iya aunawa: minti nawa ka yi, taku nawa, bugun zuciyarka lokacin hutu, da ko wannan satin ya fi na baya. Ko taku 10,000 da yake matsa maka a kai ba daga asibiti ya fito ba, daga sunan wata na'urar ƙirga taku ne da kamfanin Yamasa na Japan ya fitar a 1965. Idan kana yin 4,000 yanzu, kai shi 6,000 ci gaba ne na gaske.

Saboda haka ka bar wa agogo aikin ƙirga minti da taku, ka bar wa sikeli da tef hukuncin abin da zai shiga kwano. Lambar kalori da ke walƙiya a hannunka ƙiyasi ce, ba kuɗin da aka turo maka a asusu ba.